Yadda Waya Ta Koyi Jira

A Dioundiou, can jihar Dosso, duk mai WhatsApp ya san ɗan agogon nan da ke fitowa a gefen saƙo idan rezo ya yi rauni. Ka tura murya ga ɗan'uwanka a Gaya ko Kamba, agogo ya tsaya cak, kai kuwa ka ci gaba da duba hotuna, har ka rubuta wa wani. Can an jima sai ka ga saƙon ya tafi. Wayar ba ta daskare ba ko sau ɗaya. Wannan ɗan sauƙi da ba a ko lura da shi, an fi shekara 50 ana neman hanyarsa.

Asalin matsalar shi ne kwamfuta na bin umarni ɗaya bayan ɗaya. In umarni na uku ya ce a tambayo uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke can nesa, na huɗu ba ya motsi sai amsa ta dawo. Kamar mai shago ne da ya aiki yaro kasuwa, ya kafe a bakin ƙofa yana hangen hanya, masu saye na ta sallama bai waiwayo ba.

Tun 1958 Melvin Conway, a Amurka, ya fito da dabarar aikin da zai dakata a tsakiya, ya ba wani aikin fili, sannan ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. A 1976 Daniel Friedman da David Wise suka kawo abin da suka kira alkawari, a 1977 kuma Henry Baker da Carl Hewitt suka bayyana makamancinsa. Alkawari kamar takardar da ake ba ka a tasha ne bayan ka yi aiken kaya. Kayan ba su isa ba tukuna, amma kana riƙe da shaida, kana iya tafiya harkarka. Sai dai dabarun nan sun daɗe a ɗakunan bincike, ba su shiga hannun kowa ba.

Abin da ya fara yaɗuwa ya fi su sauƙi. Harshen JavaScript, da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, ya tafi ne a kan tsarin in ka gama ka kira ni. Aike ɗaya lafiya lau. Amma in sai an tantance mutum, sannan a duba asusunsa, sannan a cire kuɗi, sannan a sanar da shi, kira yakan shige cikin kira har wanda ya rubuta ya kasa karanta aikinsa. Masu sana'ar da kansu suka laƙaba wa wannan ruɗani sunan jahannama.

Zuwan iPhone a 2007 da Android a 2008 ya sa wuri ya ƙure. A waya, zare ɗaya ne, wato layin aiki guda, ke zana allo yana kuma sauraron yatsanka, akasari sau 60 a daƙiƙa, wato kowane zane na da kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa kawai. In aka tsare zaren nan daƙiƙa 5, Android kan tambaye ka ko a rufe manhajar. Google ya kawo AsyncTask a 2009 don ɗauke jira daga kan zaren nan, sannan a 2011, da fitowar Android 3.0, ya hana taɓa intanet daga babban zaren. AsyncTask ya zo da nasa ciwon kai: ka juya waya a kwance, a rushe allo a gina sabo, amsa ta dawo ta tarar wanda ya yi aiken ba ya nan. A 2020 aka yi masa ritaya.

Mafita ta ɓullo daga Don Syme da harshen F# a 2007, ta yi suna a 2012 da C# ya kawo kalmomin async da await. Ka rubuta umarni a jere yadda aka saba, inda ka sa await aikin ya dakata, zaren ya tafi wata hidimar. Harshen Dart ya bi sahu a 2015, JavaScript a 2017, Kotlin ya tabbatar da nasa salon a 2018, Swift a 2021. Dabarar Conway ce ta dawo bayan rabin ƙarni.

A ganina, a nan ne mai rubuta manhaja don mutanenmu ya kamata ya fi buɗe ido, domin await na tsara jira ne kawai, ba ya kawo amsa. A bakin iyaka waya kan bar rezon Nijar ta kama na Najeriya ko na Benin ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Umarnin tura kuɗi zai iya isa, amsarsa ta ɓace a hanya, mai hatsi ya sake dannawa, kuɗi su fita sau biyu. Shi ya sa manhajar kirki ke ba kowane aike lamba tasa, don uwar garke ta gane maimaici ta ƙi shi, ta kuma sa wa jira wa'adi. Abin da bai tafi ba ta ajiye shi a layi cikin wayar. Don irin wannan Google ya fitar da WorkManager a 2019, mai riƙe aiki ko da batir ya mutu an sake kunnawa, ya tura shi da zarar rezo ya dawo.