Tarihin Sana'ar Zane Da Yankan Sitansil A Ƙasar Dutsin-Ma Da Kurfi

 Da kwamitin wannan mujalla ya nemi kowa ya kawo abin da zai amfani na baya, sai na ga ya kamata in taɓo tarihin wata sana'a wadda dukanmu mun ci moriyarta, amma ba mu cika ɗaukarta a bakin komai ba, wato rubutun allon shago da zanen mota da yankan sitansil. Ni dai da ita na riƙe iyali tun bayan da muka bar makaranta, don haka abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma daga bakin waɗanda suka koya mani na ji shi.

Tushen sana'ar ya girmi zuwan boko. Tun kaka da kakanni akwai masu zayyana, waɗanda ke ƙawata allon yaro da tawada kala-kala idan zai yi saukar Alƙur'ani, akwai kuma magina masu fitar da dagi a goshin zaure. Hannun da ya saba da alƙalamin kara bai sha wuyar riƙe buroshi ba, shi ya sa da yawa daga cikin masu zanen farko da na tarar almajirai ne. Bayan an daidaita rubutun Hausar boko da baƙaƙe masu lanƙwasa a shekarun 1930, aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan Yaƙi Da Jahilci ya ratsa ƙauyuka a shekarun 1950, sai masu iya karatu suka ƙaru, allon shago ya samu masu karanta shi. Duk da haka hoto ya fi rubutu aiki. Tela a zana masa keken ɗinki, mai aski a jera masa kawuna, mai shayi kuwa buta da burodi, ta yadda baƙauyen da ya shigo cin kasuwa ba sai ya yi tambaya ba.

Siyasa ita ce kakar masu zane. A Jamhuriya ta Farko jama'a da alama suke gane jam'iyya, NPC fartanya, NEPU tauraro. A zaɓen 1979, wanda ɗan ƙasarmu Alhaji Ahmadu Kurfi, da daga baya ya zama Maraɗin Katsina, ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO, sai ga gida da masara na NPN, ga mabuɗin PRP, ga zakaran GNPP. A 1991 kuma, lokacin da Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kara da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP, bangaye suka cika da mikiya da doki tun daga Kurfi har Dutsin-Ma. Mai zane ba ya da jam'iyya a wurin aiki. Da safe ya buga doki a wannan bango, da la'asar ya buga mikiya a wancan, kowa ya biya shi.

Gwamnati ma ba ta bar mu mun zauna ba. Komawa tuƙi hannun dama a 1972, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shekarar da Dutsin-Ma ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, da Yaƙi Da Rashin Ɗa'a na 1984, kowanne da allunansa ya zo. Amma ban taɓa ganin ruwan aiki irin na bayan 23 ga Satumba, 1987 ba, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Duk allon makaranta da na asibiti, da ƙofar kowace motar hukuma mai ɗauke da sunan Kaduna, sai da aka shafe aka sake rubutawa. Wanda duk ke da buroshi a lokacin bai kwana da yunwa ba.

A irin wannan aiki mai yawa ne sitansil ke nuna amfaninsa, domin da hannu ba ka rubuta suna ɗaya a kan benci ɗari biyu ya fito iri ɗaya. Da farko za ka ja layi da rula a kan kwali, ko tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti wadda ta fi jure fenti, ka fitar da baƙaƙen da fensir, sannan ka bi da reza. Sirrin yana ga abin da muke kira gada, wato 'yar siririyar mahaɗa da ake bari a baƙaƙe irin su A da B da D da O da R don kada cikinsu ya faɗo. Wajen bugawa kuma ba a jiƙa soso sharkaf. Ana dangwalar fenti kaɗan a riƙa dannawa a hankali, in ba haka ba ya zurara ta ƙarƙashi ya ɓata aikin. Baƙaƙen ƙarfe da ake sayowa a kanti ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ, don haka mai zanen da ya san abin da yake yi shi ke yanka nasa, domin Ƙanƙara da Ɗanmusa su fito da sunansu na gaskiya.

Gwanintar hannu kuwa a jikin mota ake gane ta. Manyan motocin katako masu bin hanyar Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, kowace da zakinta ko dawisunta a baya, da karin magana a goshi, kamar "Mahaƙurci mawadaci" ko "Hassada ga mai rabo taki". Sau da yawa da wannan rubutu ake kiran mota, har sunan mai ita ya ɓace.

'Yan ajinmu za su tuna cewa mu ma da sitansil muka yi karatu. Takardun jarrabawarmu a kan sitansil mai kakin zuma ake buga su da tafireta, a ɗora a injin Gestetner a yi ta juyawa da hannu. Malaminmu na zane, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya nuna mana yadda ake ɗaure ƙyalle mai laushi a firam a buga bajin makaranta da rigunan gasar wasanni ta gidaje. Da tsarin 6-3-3-4 ya kankama a 1982 an yi fatan irin wannan koyon sana'a zai zauna da gindinsa, sai dai a makarantu da dama kayan aikin sun daɗe a cikin akwati saboda rashin wuta da rashin malamai.

Daga shekarun 2000 kwamfuta da injin buga manyan hotuna a kan leda suka karɓe mafi yawan cinikin. Abin da ke ɗaukar mu kwana uku yanzu kafin azahar an gama. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya ƙara yawan shaguna, amma allunansu galibi na leda ne, wanda rana ke cinyewa cikin ɗan lokaci. Duk da haka sitansil bai mutu ba, domin har gobe da shi ake sa lamba a benci da tankin ruwa da jikin Keke Napep. Kuma na lura yaron da ya iya tazarar baƙaƙe da hannu ya fi iya tsara su a kwamfuta.

Abin da ke damuna shi ne, dattawan sana'ar suna ta ƙarewa, aikinsu kuma ba ya da ma'ajiya, domin fentin bana ke binne na bara. Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Na ɗaya, mu ɗauki hotunan tsofaffin allunan da suka rage a Dutsin-Ma da Kurfi, mu kuma zauna da masu su da ke raye mu rubuta labarinsu. Na biyu, cikin abin da muke tarawa duk shekara mu ware wani abu don gyara ɗakin zane na makarantarmu, da fenti da firam da kwamfuta ko da guda ɗaya. Ni na ɗauki alkawarin zuwa duk Asabar in koyar kyauta. Yaron da ya fita da sana'a a hannu ba zai zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kuma bar zumunci. Amin.