Hurumin Kiwo na Kachia: Tarihin Kafuwar Ladduga da Bunƙasarta

Hurumin kiwo na Kachia, wanda aka fi sani da Ladduga, fili ne mai faɗin sama da hekta 30,000 da gwamnati ta keɓe wa makiyaya a kudancin Jihar Kaduna. Yana cikin yankin da ruwan sama yake wuce milimita 1,000 a shekara, damina kuma takan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Mazaunansa Fulani ne masu kiwon bunaji, wato fararen shanu, tare da tumaki da awaki. Yawancin gidaje suna tatsar shanunsu, suna kuma noma abincinsu.

Yankin kafin a kafa hurumin

Fulani sun daɗe a kudancin Kaduna. Su ne suka kafa masarautar Jama'a a farkon ƙarni na 19, wadda hedikwatarta ta koma Kafanchan bayan zuwan jirgin ƙasa. Akwai kuma zaunannun Fulani da ake kira Kacecere, waɗanda suka yi zamani bayan zamani suna kiwo a tsakanin manoman Bajju da Atyap da Anghan da Ikulu. Ƙasar ta manoma ce, Bafulatani kuwa aron wurin zama yake yi. In kaka ta yi, shanu su shiga gonaki su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Abin da ya hana garkunan arewa zama a yankin shi ne ƙudan tsando mai kawo sammore. Da aka yi ta sare daji ana buɗe gonaki, aka kuma yi feshi, sai ƙudan ya ragu. Farin da aka sha a Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙara turo shanu kudu.

Kafuwa

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Manufarta ita ce makiyayi ya sami wurin da ba mai tashinsa, a kawo masa ruwa da likitan dabbobi, a kuma rage rikicin ɓarnar gona. A ƙarƙashin wannan doka aka shata hurumin Kachia a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976. Aikin raya shi ya zo daga baya, da kuɗin shirin bunƙasa kiwo na gwamnatin tarayya wanda Bankin Duniya ya ba da rance dominsa. Aka fitar da hanyoyi, aka gina madatsun ruwa, aka raba filin shiyya shiyya, ana yanka wa duk gidan da ya zo wurin zama da na noma. Sai a 1996 aka tabbatar da hurumin a hukumance cikin gazet ɗin jiha.

Shekarun farko ba su yi armashi ba. Har tsakiyar shekarun 1980 gidajen da suka tare 'yan gomiya ne kawai. Dalilin a bayyane yake ga makiyayi, ko da masu tsarin ba su hango shi ba. Inda babu manoma babu karan da shanu za su ci da rani, babu kasuwar da mata za su kai nono, babu kuma inda za a sayi hatsi a kusa. Shirin ya so raba kiwo da noma, alhali rayuwar gidan Bafulatanin yankin a kan haɗuwar biyun take tsaye.

Zuwan masu bincike

A ƙarshen shekarun 1970 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, mai hedikwata a Addis Ababa, ta buɗe reshe a Kaduna. Ta zaɓi Kurmin Biri a yankin hurumin, da Abet kusa da Zonkwa, domin ta kwatanta kiwo a keɓaɓɓen fili da kiwo a tsakiyar gonaki. Binciken ya nuna cewa karsanar bunaji kan kai kusan shekara biyar kafin haihuwar fari, tana kuma yin kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Abin da gida yake tatsa daga saniya ɗaya, bayan an bar wa maraƙi rabonsa, ba ya cika lita guda a rana. Babbar matsalar ba yawan ciyawa ba ce, ingancinta ne. Ciyawar yankin takan yi tsawo da damina, amma da ta bushe furotin ɗinta yake zubewa, saniya ta cika ciki tana ramewa.

Maganin farko da aka gwada shi ne ƙuliƙulin angurya. Ya yi aiki, sai dai yana da tsada, kuma ba kullum ake samunsa ba. Daga nan masu binciken, ciki har da M. A. Mohamed-Saleem, suka koma ga wani tsiro dangin wake mai suna sitailo, ɗan asalin nahiyar Amurka, wanda ganyensa ke riƙe furotin har cikin rani. Wata cuta ta ganye ta lalata irin da aka fara shukawa, sai aka raja'a a kan irin da ake kira Verano.

Rumbun ciyawa

Tsarin da ya fito daga wannan aiki shi ne rumbun ciyawa: fili kimanin hekta huɗu kusa da ruga, kewaye da waya. Ba a buƙatar garma. Da farkon damina ake kwanar da garke a cikin filin dare bayan dare, kofato ya farfasa ƙasa, kashi ya zama taki. Sai a jiƙa irin a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi laushi, a gauraya shi da takin sufa, a watsa. In ciyawar daji ta taso za ta danne sitailo, sai a saki shanu su kiwace ta, domin a wannan lokacin ita suka fi so. Daga nan a rufe ƙofa har rani, a share gefen shinge saboda gobarar daji. Ƙa'idar masu bincike ita ce a riƙa shigar da shanun tatsa da masu ciki, goma sha biyar zuwa ashirin, na awa biyu zuwa uku kullum.

Makiyaya ba su bi ƙa'idar yadda aka rubuta ta ba. Da yawa sun gwammace su shigar da duk dabbar da yunwa ta kusa kayarwa, ko mai tatsa ce ko ba ita ba, domin a lissafinsu saniyar da ta ga damina ta fi ƙarin ludayin madara. Daga baya masu binciken suka amince cewa raguwar mutuwar shanu da maruƙa na cikin manyan ribar tsarin. An kuma gano cewa masarar da aka shuka a filin da sitailo ya yi shekara biyu ko uku ta fi yabanya, saboda saiwarsa na tara naitirojin a ƙasa. Sashen ayyukan kiwo na tarayya ya yaɗa tsarin ta hanyar ba da rance. Cikas ɗin da ya fi tsanani shi ne tsadar waya da turaku bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, ga gara da wuta. Duk da haka, wani nazari da ILRI, magajiyar ILCA, ta fitar a 1999 ya ƙiyasta mutum 27,000 suna shuka irin waɗannan tsirrai a hekta 19,000 cikin ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma.

Nono da taki

Binciken da wata masaniya, Ann Waters-Bayer, ta yi a Abet ya fito da ɓangaren mata. Maza da samari ne ke tatsa da safe, amma da madara ta shiga ƙwarya ta zama ta mace. Ita za ta raba na gida da na sayarwa, ta kwanar da shi ya yi tsami, ta kaɗa ta fitar da man shanu, ta dama fura, ta ɗauka zuwa kasuwa ko gida gida. Da rani, in nono ya yi ƙaranci, wasu kan ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka. Kuɗin da mace ke samu ta wannan hanya ya fi abin da masana'anta za ta biya a kan ɗanyar madara, shi ya sa shirye-shiryen tattara madara suka sha wuya a duk inda ba a yi shawara da mata ba. Ƙungiyoyin gama kai na masu madara, waɗanda suka haɗu a ƙarƙashin MILCOPAL a Kaduna, sun zo ne da niyyar sama wa rugage masu nisa da gari kasuwa tabbatacciya.

Taki shi ne ɗaya amfanin garke. Akan ɗaure shanu a gona da rani, ana matsar da makwancinsu bayan 'yan kwanaki har filin ya samu ko'ina. Manoman citta, wadda ita ce babbar hajar Kachia da Jaba da kewayen Kafanchan, suna daraja irin wannan fili ƙwarai. A cikin Ladduga kuwa gidan da ke da shanun shi ne mai gonar, don haka masara da dawa da doya suna cin takin garke, garke kuma yana cin kara da dusa.

Cika da matsalolin yau

Rikici ne ya cika Ladduga fiye da madatsun ruwa. Tashin hankalin da aka yi a yankin, irin na Zangon Kataf a 1992, ya sa gidaje da dama neman wurin da ba za a tashe su ba. Bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, kimanin mutum 3,000 da shanu 20,000 suka kwararo cikin ɗan lokaci. Yau akwai kasuwa da makarantu da asibiti, Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, tana kuma aiki a wurin. Masana daga Jami'ar Edinburgh da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom sun yi nazarin cututtukan bakkale da sammore a garkunan hurumin.

Yawan shanu ya fi ƙarfin ciyawa da ruwan da ke akwai da rani, saboda haka gidaje da yawa har yanzu suna tura wani sashe na garke waje, su bar shanun tatsa a gida. Gonaki na ƙara cin filin kiwo, hanyar shiga takan lalace da damina, satar shanu ta addabi yankin, akwai kuma taƙaddamar iyaka tsakanin hurumin da al'ummomin da ke maƙwabtaka da shi. Ci gabansa ya rataya ne a kan abincin rani da gida zai iya nomawa da kansa, da kasuwar madara da ba za ta ƙwace sana'ar daga hannun mata ba, da kuma sasanta batun ƙasa da maƙwabta.