Bindiga Mai Suna Biyu: Tarihin Mallaka da Rajistar Fistol Mai Ƙirar Doguwar Bindiga a Amurka

Gabatarwa

A wannan maƙala ina so in bi diddigin wata irin bindiga da ta daɗe tana wahalar da masu yin doka a ƙasar Amurka. Duk wanda ya gan ta zai ce doguwar bindiga ce irin ta soja, domin gidan harsashinta da kunamarta da harsashin da take ci duk na doguwar bindiga ne. Amma a takardun gwamnati sunanta fistol, wato ƙaramar bindiga ta hannu, saboda bututunta gajere ne kuma ba ta da ƙotar da ake dogarawa a kafaɗa. A wata jihar mutum zai saye ta a kanti ya tafi gida lafiya, a wata kuwa riƙe ta kaɗai ya isa ya kai shi gidan yari. Abin da zan nuna shi ne, wannan ruɗani ya samo asali daga wani sashe da aka cire daga daftarin doka a shekarar 1934.

Asalin dokar 1934

Tsarin mulkin Amurka, a gyara na biyu da aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami. Duk da haka jihohi sun daɗe suna yin nasu dokoki. Jihar Niyok ta yi dokar Sullivan a 1911, wadda ta wajabta lasisi ga mai son mallakar ƙaramar bindiga.

Gwamnatin tarayya ta shigo cikin maganar ne bayan zamanin haramcin giya, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da gungun 'yan fasa-ƙwauri suka cika birane da harbe-harbe. Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka kashe mutum bakwai a wani gareji a birnin Shikago da bindigar Thompson mai sarrafa kanta. A Fabrairun 1933 kuma wani mutum ya harbi zaɓaɓɓen shugaba Franklin Roosevelt da fistol a birnin Mayami, ya kuskure shi, harsashi ya sami magajin garin Shikago, Anton Cermak, wanda ya rasu daga baya.

Ministan shari'a Homer Cummings ya kai wa majalisa daftarin doka wanda zai sa haraji da rajista a kan bindiga mai sarrafa kanta da kuma fistol. Masu tsara daftarin sun hango cewa idan aka ƙuntata fistol, sai mutane su riƙa yanke bututun doguwar bindiga da zarto don su ɓoye ta a cikin riga. Saboda haka suka haɗa da doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 18 ba. Da aka zo majalisa, ƙungiyoyin mafarauta da masu bindiga suka tashi tsaye har aka cire fistol daga cikin daftarin. Amma sashen yankakkiyar bindiga, wanda aka sa domin toshe ƙofar baya, aka bar shi. Wato an rushe gida an bar katangarsa a tsaye.

Haka doka ta fita: fistol ba ta buƙatar rajistar tarayya, doguwar bindiga ma haka, sai wadda ke tsakaninsu. Mai son ta sai ya biya harajin dala 200, kusan kuɗin bindigar Thompson kanta a wancan zamani, ya ba da hoto da zanen yatsu, ya jira izini. A 1939 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a shari'ar Miller. A 1960 aka rage awon zuwa inci 16 ga bindigar kafaɗa mai harsashi ɗaya-ɗaya. Hukuncin mallakar irinta ba rajista yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10.

Yadda maƙera suka shiga ta tsakiya

Dokar Amurka tana bambance bindigogin nan biyu da niyyar wanda ya ƙera su. Doguwar bindiga ita ce wadda aka yi domin a harba daga kafaɗa, fistol kuwa wadda aka yi domin a riƙe da hannu ɗaya. Ƙarfin harsashi bai shiga ma'anar ba. To, a nan ne gizo ke saƙa.

A shekarun 1950 Eugene Stoner na kamfanin ArmaLite ya ƙera bindigar AR-15, kamfanin Colt ya sayi ƙirar a 1959. Sojojin Amurka suka ɗauke ta da sunan M16, aka kuma fitar da samfurin farar hula mai sakin harsashi ɗaya a kowane jan kunama. Bindiga ce da ake kwancewa gunduwa-gunduwa, kowane sashe ana iya musanya shi. Ba a daɗe ba maƙera suka gane cewa idan tun daga masana'anta aka haɗa ta da gajeren bututu, ba a taɓa sa mata ƙota ba, a idon doka fistol ce. Wanda ya sa mata ƙota daga baya ba tare da rajista ba, shi ne ya aikata babban laifi, alhali bututu ɗaya ne, harsashi ɗaya ne.

A 1994 majalisar tarayya ta haramta ƙera wasu daga cikin irin waɗannan bindigogi, tana duba alamomi kamar nauyi da kuma gidan harsashi da ke wajen mariƙi. Wa'adin dokar shekara 10 ne, ta ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba.

Dokokin jihohi masu tsauri

Ya kamata mai karatu ya san cewa dokar tarayya ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa kundin rajista na bindigogin yau da kullum. Saboda haka maganar rajista ta koma hannun jihohi, kowace da irin nata.

Kalifoniya ce ta fara haramta abin da ta kira makaman farmaki a 1989, bayan an kashe yara biyar a wata makarantar firamare a garin Stockton. A 1999 ta ƙara da gwajin alamomi, wanda ya shafi fistol mai ɗaukar gidan harsashi a wajen mariƙi. Daga 2001 kuma ba a sayar da sabuwar fistol a kanti sai tana cikin jerin waɗanda jihar ta gwada ta amince da su. Maƙera suka fito da wani maɓalli wanda ba ya sakin gidan harsashi sai an danna shi da tsinin wani abu, don a ce gidan a kafe yake. Bayan harin San Bernardino na Disamban 2015, inda mutum 14 suka mutu, jihar ta toshe wannan ƙofa a 2016, ta ba masu irin bindigar zuwa ƙarshen Yunin 2018 su yi rajista. Wanda ya yi rajista ya ci gaba da riƙe tasa, amma ba zai sayar wa maƙwabcinsa ba, ɗansa ma ba zai gaje ta ya riƙe a cikin jihar ba.

Niyok ta yi dokar SAFE a Janairun 2013, wata ɗaya bayan kisan yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook. Alama ɗaya tak ta isa a haramta bindiga, waɗanda suka riga suka mallaka aka ba su zuwa Afrilun 2014 su yi rajista. A birnin Washinton kowace bindiga sai an yi mata rajista wurin 'yan sanda, kuma wadda aka lissafa cikin makaman farmaki ba a karɓar rajistarta. Kotun Ƙoli ta soke haramcin fistol na birnin a shari'ar Heller ta 2008, ta kuma soke wani sharaɗin lasisin Niyok a shari'ar Bruen ta 2022, amma a Yunin 2025 ta ƙi sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar haramcin makaman farmaki na jihar Maryland.

Rigimar maɗaurin damtse

A 2012 wani tsohon soja, Alex Bosco, ya ƙirƙiro wani maɗauri da ake ɗaure bindigar da shi a damtse, domin naƙasasshen soja ya iya harbi da hannu ɗaya. Hukumar ATF, mai kula da dokokin makamai na tarayya, ta ce wannan bai mai da fistol doguwar bindiga ba. Nan da nan jama'a suka lura cewa maɗaurin yana zama a kafaɗa kamar ƙota. A 2015 hukumar ta ce dogara shi a kafaɗa laifi ne, a 2017 ta sassauta.

An yi amfani da irin wannan bindiga a kisan mutum tara a Dayton a 2019, da na mutum 10 a wani kanti a Boulder a 2021. A Janairun 2023 hukumar ta fitar da ƙa'ida mai cewa yawancin masu maɗauri gajerun bindigogin kafaɗa ne, ta ba da kwana 120 a yi rajista kyauta, ko a cire maɗaurin, ko a miƙa bindigar. Ita kanta hukumar ta ƙiyasta cewa akwai aƙalla miliyan uku a hannun jama'a, amma takardun rajistar da suka shiga ba su wuce kimanin 255,000 ba. A Yunin 2024 wata kotun tarayya a Tekzas ta soke ƙa'idar baki ɗaya, a 2025 gwamnati ta janye ɗaukaka ƙararta. A 2025 ɗin majalisa ta mayar da harajin nan na dala 200 a kan gajerun bindigogi sifiri daga Janairun 2026, ta bar wajabcin rajista yadda yake.

Kammalawa

A ganina kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a raina ba. Iyalan waɗanda aka kashe a Dayton da Boulder suna ganin makami ne mai ƙarfin na soja wanda ke shiga cikin jaka, kuma sunan da aka ba shi a takarda bai rage masa kaifi ba. Mutumin da ya sayi tasa bisa izinin hukuma kuwa, ya wayi gari an ce ya yi rajista cikin wata huɗu ko ya fuskanci ɗauri, bayan hukumar ta sauya magana sau uku cikin shekara 11. Malamin da zai koyar da wannan tarihi zai sami misali mai kyau na yadda doka ke daɗewa fiye da dalilin da ya sa aka yi ta. Majalisar 1934 ta so ta kama fistol ba ta samu ba, shingen da ta kafa don tsare waccan manufa kuwa shi ne kotuna da jihohi suke ta jayayya a kansa shekara 90 bayan haka.