Zambo da Alƙalami: Zanen Barkwanci Tsakanin Amurka da Ƙasar Zamfara

A cikin shekarar 1871 akwai wani ƙasurgumin ɗan siyasa a birnin New York na ƙasar Amurka, ana ce da shi William Tweed, wanda shi da jama'arsa suka daɗe suna wawurar baitulmalin birnin babu mai iya ce musu kanzil, har Allah Ya haɗa shi da wani mai zane, Thomas Nast, wanda ya riƙa fitar da surarsa a mujallar Harper's Weekly, wani lokaci da ƙaton tumbi da jakar kuɗi a gurbin kai, wani lokaci kuwa a siffar ungulu tana tsaye bisa ƙasusuwa. An ruwaito cewa Tweed ya ce rubutun jaridu bai dame shi ba, da yake galibin masu zaɓensa ba su iya karatu ba, amma hoto kowa yana da idon ganinsa. Da shari'a ta kama shi sai ya tsere ya ƙetare teku, aka cafke shi a ƙasar Sifaniya a 1876, aka ce ma da wani zanen Nast ɗin aka shaida shi. Wannan magana ta Tweed ita ce ta sa nake ganin tarihin zanen barkwanci ya shafi mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum na ƙasar Zamfara fiye da yadda ake zato, domin ƙasa ce da har yanzu masu ji da masu gani suka rinjayi masu karanta boko nesa ba kusa ba.

Amurkawa sun daɗe da sanin ƙarfin wannan sana'a. Tun 1754 Benjamin Franklin ya buga zanen maciji da aka yanka gunduwa takwas, don ya nuna wa yankunansu cewa rarrabuwa halaka ce. Nast ɗin nan kuma shi ya yayata jaki a matsayin alamar jam'iyyar Democrat, ya kawo giwa a 1874 ta zama ta Republican, alamun da suke nan har gobe. Da zane ya fara motsi a majigi, Walt Disney ya fito da ɓeransa Mickey Mouse a 1928, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa gwamnati ta sa agwagwar nan Donald Duck ya fito a 1942 yana kwaɗaitar da jama'a biyan haraji. Amma fa zanen nan da ya ƙwato haƙƙin talakawan New York shi ne kuma ya shekara aru-aru yana siffanta baƙar fata da manyan leɓɓa da kasala da wauta, yana cusa wa yara ƙanana raini tun ba su san dama da hagu ba, har sai da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ta yi ƙarfi, sa'an nan a 1968 aka janye wasu finafinan katun goma sha ɗaya daga nunawa saboda munin abin da ke cikinsu. Zane yana ɗauko abin da ke zukatan al'umma, na kirki da na tsiya, ya mayar musu da shi da ƙarin kaifi.

To, idan muka juyo gida, mai nazari zai tarar cewa ƙasar Zamfara ba ta gaji zanen sura ba, alhali kuwa tsohuwar ƙasa ce mai sarauta da fada da fasihai. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, zuriyar sarakunan da suka bar Birnin Zamfara bayan Gobirawa sun ci shi a zamanin Sarki Babari, a tsakiyar ƙarni na 18, sun kuma kafa Alƙalawa. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko. A wannan ƙasa ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya zauna kimanin shekara biyar yana wa'azi tun kafin jihadi. Fiƙihun da malamanmu suka karantar na Malikiyya ne, wanda ya haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai, watau wadda take da inuwa, ya kuma ƙyamaci wadda aka zana a shimfiɗe ba tare da ya kai ta matsayin ta farko ba. Saboda haka hannun masu fasaha ya karkata ga zayyanar allo, da aska takwas a ƙirjin riga, da dagi a bangon soro, da shafin ƙwarya, da aikin dukawa. Fuskar ɗan Adam kuwa aka bar wa harshe ya siffanta ta.

Harshen kuwa bai gaza ba. Duk wanda ya saurari makaɗan fada na wannan nahiya, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, ya san cewa bayan an gama kambama ubangida da kirarin kakanninsa, akwai wata gaɓa da makaɗi yake juyawa ga abokin hamayyarsa, galibi wani ɗan sarki da ya nemi sarautar bai samu ba, ya yi masa zambo. Ƙa'idar zambo, in ka lura, ta yi kama da ƙa'idar da Nast ya bi ba tare da ya taɓa jin labarinmu ba: ba a ambaton suna, sai a ɗauki siffa guda ɗaya daga jikin mutum ko ɗabi'arsa, tsawon wuya ne, ko gajarta, ko rowa, ko yadda yake naɗa rawani, a kumbura ta har ta rufe sauran mutumin, sa'an nan a jingina ta ga wata dabba, kura ko biri ko jaki ko burgu. Fada ta cika da dariya, kowa ya gane wanda ake nufi, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara, domin in ya kai, ya amsa ke nan cewa shi ne. Kuma kamar yadda zane yake bin mutum har Sifaniya, haka zambo yake binsa kasuwa-kasuwa, 'yan mata su ɗauka a dandali, masu daka su ɗauka bakin turmi, har ya mutu jikokinsa suna jin sa.

Sai dai lalle ne a faɗi gaskiya game da zambo: makami ne na ubangida, ba ya kallon gadon sarauta, yana kallon wanda sarki yake ƙi ne kaɗai. Ba na ganin wannan ya mai da shi ƙasa da zanen jarida, gama shi ma Nast ɗan ga-ni-kashe-nin jam'iyyar Republican ne, Tweed kuwa ɗan Democrat, kuma da wuya a sami mai zane a kowace ƙasa wanda ba shi da inuwar da yake fakewa a ƙarƙashinta. Sukar da ke hawa sama a ƙasar Hausa ta wata ƙofa take shigowa. 'Yan kama su ne suke naɗa rawani su zauna kamar malamai, su yi ta jan baƙi da fassara alhali zancen tuwo da nama suke yi, malaman kansu suna dariya suna ba su sadaka. Tashe kuma, wanda yara ke farawa idan azumi ya kwana goma, shi ne babban dandalin wannan hikima: yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho mai kwaɗayi, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama boka mai yaudara, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata, a shiga har gidan hakimi a yi, a fito da hatsi ko kwabo. Al'umma ta ware wa kanta wasu darare masu alfarma a shekara waɗanda a cikinsu ƙarami yake nuna wa babba kamanninsa, babban kuma ya biya lada, kuma a ganina wannan hikima ce da ta cancanci a rubuta ta cikin tarihinmu daidai da labarin yaƙe-yaƙe.

Zanen takarda ya iso mana ne ta hanyar Zariya. A can Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito da hotuna na zane a cikinsa, a can kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. A shekarun 1950, lokacin da Anka da Gummi da Bukkuyum suke gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato, motar majigi kuma tana zagayawa tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Zanen da ya zo ta wannan hanya na koyarwa ne, na tsafta da noma da biyan haraji, domin hukuma ce take bugawa, hukuma kuwa ba ta biyan mai zane don ya zana tumbinta. A Kudu ne, inda jaridu suke hannun 'yan ƙasa, Akinola Lasekan ya riƙa yi wa mulkin mallaka da jam'iyyun hamayya zambo da alƙalami a West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe tun daga shekarun 1940. Wannan bambanci na asali ya bi mu har yau.

Amma akwai wani nau'in zane da ya shiga kowane lungu na ƙasar nan, ya kuma yi tasirin da babu wata jarida da ta yi, watau alamun jam'iyyu. A zaɓen 1959, wanda a Arewa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a, mutum yakan shiga ya sami akwatuna kowanne da alamarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na Action Group. A Jamhuriya ta Biyu aka sami gida da masara na NPN da mabuɗin PRP, daga bisani dokin SDP, sa'an nan lema da masara da tsintsiya. Manomin Bukkuyum da bai taɓa riƙe jarida ba ya san abin da fartanya take faɗa masa game da kansa, mawaƙan siyasa kuma suka ɗauki alamun nan suka mai da su kayan habaici, zambo da zane suka haɗu a waƙa guda. Jaki da giwar Amurka ba su fi wannan aiki ba.

Da talabijin ta zo, kyanwa da ɓeran nan na Tom and Jerry, waɗanda aka ƙirƙira a 1940, suka shiga gidajen masu hali da zaurukan kallo, kuma ba su buƙaci tafinta ba, da yake kusan babu magana a cikinsu, yaran da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa sun riga sun san labarin ƙaramin mai wayo da ke kayar da babba. Ta wannan fuska katun bai zo mana da baƙon darasi ba. Inda aka yi karo mai tsanani shi ne lokacin da wata jaridar ƙasar Denmark, a Satumban 2005, ta buga zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ya jawo tarzoma da asarar rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006, aka kuma sake ganin irinta a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 saboda wata mujallar Faransa. Ɓatancin ya ƙona zuciyar kowane Musulmi. Kashe maƙwabci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba kuwa zalunci ne da shari'a ba ta halatta ba. Wata hasarar da ba a cika ambata ba ita ce, mutane da yawa a ƙasarmu sun fara sanin zanen barkwanci ne ta mafi munin fuskarsa, suka ɗauka duka sana'ar ke nan, alhali malamai sun daɗe da rarrabe tsakanin izgili da giba, waɗanda Suratul Hujurati ta hana, da kuma bayyana zaluncin azzalumi don maslahar jama'a, wanda Shehu da kansa ya yi a Kitabul Farƙi inda ya lissafa miyagun al'adun sarakunan zamaninsa.

A yau wayar hannu ta rushe katangar da ke tsakanin jarida da ƙauye. Zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yakan fito da safe a Abuja, kafin azahar yana yawo a WhatsApp a tashar Gummi. A 2020 ma, da ya zana talakawa cikin ƙunci ana nuna musu hotunan bikin 'yar shugaban ƙasa, uwargidan shugaban da kanta ta ɗora shi a shafinta. Abin da yake damuna shi ne, duk lokacin da Zamfara ta fito a irin wannan zane, daga nesa ake zana ta, kuma da siffa biyu kawai, bindiga da zinariya. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Abare da Dareta da 'Yargalma, musabbabin shi ne ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Abu ne da ido ba ya ganinsa, bayanin likita kuma yana da nauyi ga uwar da ba ta yi boko ba, amma zane huɗu a jere, daga turmi zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa hannun yaro, daga hannu zuwa baki, daga nan zuwa gadon asibiti, yana iya isar da shi cikin ƙiftawar ido. Wanda zai zana wannan har uwar ta ga tsakar gidanta a ciki, sai wanda ya san yadda turmin Bagega yake da inda ake ajiye randa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da zane wanda asalinsa ya girmi 'yancin kan Nijeriya, kuma hanyar da za ta kai ɗan Anka ko ɗan Bukkuyum can tana farawa ne daga malamin firamare wanda, in ya kama yaro yana zana hancin hedimasta a bayan littafi, zai yi masa faɗan rashin ladabi, sa'an nan ya ƙara masa takarda.