Daga Garmaho Zuwa Memori: Tarihin Jijjiga a Bakin Tafkin Kainji

Wannan makon mun ɗauko wata tambaya da ake yawan musu a kanta: shin shimfiɗa roba ko soso a ƙarƙashin kayan sauti yana gyara sautin? Amsar ta danganta da wace na'ura ake nufi, a kuma wane zamani.

Mu fara da garmaho, wanda ake wana shi da hannu. Faifansa yana juyi 78 a minti ɗaya, allurar ƙarfe tana bin wani siririn layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, motsinta ne ke zama sauti. Wato jijjiga ce kanta waƙar, kuma allura ba ta san bambancin wadda mawaƙi ya sa da wadda tebur ya kawo ba. Sai dai kan allurar garmaho yana da nauyi, ya fi giram 100, kuma babu lantarkin da ke ƙara masa murya. In an girke shi a kan daɓen ɗaki, ko ana rawa a gefe ba ya ko gezau, domin ƙasa tana shanye motsi.

Matsalar ta tsananta ne da faifan zamani mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Layinsa ya fi siranta, allurarsa ta yi ta raguwar nauyi har ta dawo giram biyu ko uku. In lasifika tana tebur ɗaya da faifai, sai rugugin ya bi katako ya koma wa allura, a sake ƙara shi, ya sake dawowa, har a ji gurnani. Wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya magance haka a 1961 da ya ɗora faifai da hannun allura a kan sifirin guda uku. A nan kam raba na'ura da jijjiga gaskiya ne, kunne yana ji.

To ina Yauri a wannan labari? An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya tashi mutane kimanin 44,000, ciki har da Gungawa da suka bar tsibiransu. Tafkin ya miƙe tun daga madatsar, ya bi ta Wara a Ngaski har Yelwa, kogin kuma ya ci gaba ta Shanga. Ƙasa ce ta kwale-kwale, kuma jirgin da injinsa ke kaɗawa, igiyar ruwa na dukansa, ba wurin faifai ba ne. Kaset, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, shi ya shigar da Shata cikin jirgi ranar kasuwa. Zarensa a matse yake da kan da ke karanta shi, babu allurar da za ta yi tsalle. Iyaka murya ta ɗan yi rawa. Mai rubuta labarin ƙaurar 1968 ya kula: in ya sa garmaho yana waƙa a tsakiyar ruwa, dattawan Yauri za su yi masa dariya. Rediyo mai batir ya fi dacewa da hannun jaruminsa.

CD ya dawo da tsallen na ɗan lokaci. Memori da waya suka kashe maganar, don babu abin da ke juyi a cikinsu. Masu sayar da ƙafafun roba masu tsada don a ɗora waya ko amfilifaya, mu dai ba su gamsar da mu ba.

Saura lasifika, ita har gobe tana kaɗawa. A ɗora ta a kan kabad ɗin amarya, a buɗe ganga, sai jeren kwanuka da tangaran su kama amshi. A sa mata soso a gindi, ko a sauke ta ƙasa, kwanukan su yi shiru.