Doki 280: Yarjejeniyar da ta Buɗe wa Masu Ƙara wa Inji Ƙarfi Kasuwa a Japan

A ƙarshen shekarun 1980, mutanen da ke mutuwa a haɗarin mota a Japan sun haura 10,000 a shekara. Don kada a ce suna rige-rigen ƙera motar da ta fi gudu, kamfanonin motocin ƙasar suka amince a tsakaninsu a 1989 cewa ba za a sayar da mota a cikin gida da ƙarfin da aka bayyana ya wuce na doki 280 ba. Ba doka ba ce, alkawari ne kawai, amma ya yi shekara 15 yana aiki.

A wannan shekarar ce kuma Nissan ya fitar da Skyline GT-R samfurin R32, mai inji lita 2.6 da silinda shida da turbo biyu. Domin tsere aka tsara injin, kuma daga 1990 zuwa 1993 motar ta lashe dukkan tsere 29 da ta shiga a gasar motocin Japan, da ƙarfin da ya kusa ninka wanda aka rubuta a takarda. Ke nan mai saye yana biyan kuɗin ingarman doki ne da aka yi wa dabaibayi.

Kwance dabaibayin bai da wuya. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya farfelar turbo, ita kuma ta sa a cusa ƙarin iska cikin silinda. Idan iska ta ƙaru, aka ƙara mata fetur, ƙarfi sai ya ƙaru. Kamfanoni masu zaman kansu irin su HKS, wanda aka kafa a 1973, suka bunƙasa a kan wannan: a ɗaga matsin iska, a sauya salansa, a sake tsara kwamfutar inji.

Sai dai araha ba ta ado. Farfelar turbon R32 ta tangaram ce, mai sauƙin nauyi da saurin juyawa, amma tana tarwatsewa idan matsi ya yi yawa. Shi Nissan ya san da haka. Da ya fitar da samfurin Nismo guda 560 a 1990 domin cika sharaɗin shiga tsere, farfelar ƙarfe ya sa musu. Bambancin hanyoyin biyu ke nan. Kamfani yakan fara da sauya abin da zai karye, ya gwada, sannan ya ba da garanti, shi ya sa nasa ke da tsada. Ƙarin ƙarfi na waje kuwa yakan zo da rahusa, amma idan inji ya tashi aiki, asarar ta mai mota ce.

A 2004 Honda ya fitar da Legend mai doki 300, yarjejeniyar ta zo ƙarshe. Da sabuwar GT-R ta fito a 2007, doki 480 Nissan ya rubuta mata, yawancin ƙarfin da a da ake zuwa nema a gareji ya dawo cikin farashin kamfani.