Hassiba Boulmerka: Shekarar da ke tsakanin Tokiyo da Barsalona

Gudun mita 1500 zagayen fili ne sau uku da kashi uku cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa yin zagaye biyu kacal a awar wasanni ta lakwal ya san yadda ƙirji ke ɗaukar wuta. To, ranar 8 ga Agustan 1992, a gasar Olamfik ta Barsalona, wata ƴar Aljeriya mai shekara 24 ta cinye wannan tazara cikin minti 3 da daƙiƙa 55.30. Wato kowane zagaye kusan daƙiƙa 63 ke nan. Ita ce ta fara kawo wa maƙwabciyarmu ta arewa zinariyar Olamfik, tun samun ƴancin ƙasar a 1962.

An haifi Hassiba Boulmerka a Konstantin, gabashin Aljeriya, a 1968. Tun tana yarinya take gudu. A 1988 ta ci mita 800 da mita 1500 a gasar Afirka da aka yi a Annaba, amma da ta je Olamfik na Seul a shekarar, tun zagayen farko aka fitar da ita. A 1989 ta sake cinye tseren biyu a gasar Afirka ta Legas. Har lokacin dai a cikin gida take sarauta. Matan Tarayyar Sobiyat da Romaniya da Jamus ta Gabas ne ke riƙe da wannan gudu a duniya, ba wanda ke lissafi da ƴar Afirka.

Lissafin ya canja a Tokiyo, a gasar duniya ta 1991. Ta ci mita 1500, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta zama zakarar duniya a guje-guje. A gasar kuma ɗan ƙasarta Noureddine Morceli ya ci na maza. Mutum biyu, tazara ɗaya, tuta ɗaya. Da suka koma Aljas an tarbe su da kiɗi da guɗa. Sai dai bayan an watse, shi aka bar shi da yabonsa, ita kuwa sunanta ya shiga huɗubar Juma'a a wasu masallatai, ana cewa ta fito tana gudu da ƙafafu a buɗe gaban dubban maza.

Dole mu tuna halin da ƙasar ke ciki. A Disamban 1991 jam'iyyar FIS ta masu kishin Islama ta yi nasara a zagayen farko na zaɓen ƴan majalisa. A Janairun 1992 soja suka dakatar da zaɓen, shugaba Chadli Bendjedid ya sauka. A ƙarshen Yuni aka harbe wanda aka ɗora a madadinsa, Mohamed Boudiaf, yana cikin jawabi a Annaba, garin da Hassiba ta fara cin Afirka. Ƙasa ta kama hanyar yaƙin da ya ci dubban rayuka cikin shekara goma. A irin wannan yanayi, barazanar kisa ba maganar fatar baki ba ce. Ita kuma an yi mata.

Nan ne, a ganina, tarihin nata yake. Mai gudun mita 1500 na buƙatar hanya, da tudu, da fili, kullum safe da yamma. Ba a yin wannan horo a cikin ɗaki. Wadda ba ta iya fita titin garinsu ba tare da fargaba ba, a ina za ta yi shi? Sai ta bar ƙasar, ta tafi Berlin ta ƙarasa shirinta, nesa da iyayenta. Ko Barsalona ba ta miƙe kai tsaye ba, ta zagaya ne, ta iso daf da tserenta, kuma da masu tsaro aka riƙa kai ta fili.

A tseren ƙarshe, Lyudmila Rogachova ƴar Rasha ta ja gaba da ƙarfi tun farko, da nufin ta gajiyar da masu jiran zagayen ƙarshe. Hassiba ta liƙe mata. Saura kamar mita 200 ta fice ta wuce, ba ta waiwaya ba. Rogachova ta zo ta biyu, Qu Yunxia ta Sin ta uku. Da ta tsallake layi sai ta yi ta ihu tana nuna sunan ƙasarta da ke rubuce a rigarta.

Na san cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai waɗanda za su ce ai maganar sutura gaskiya ce. Ban zo in yi fatawa ba, ban kai ba. Ita kanta ba ta taɓa cewa ta bar addini ba, Musulma take kiran kanta. Amma tsakanin a ce wa mutum "abin da kike yi bai dace ba" da a ce "za mu kashe ki", akwai rata mai faɗi, kuma waɗanda suka tsallaka ta ba ita kaɗai suka hara ba: ƴan jarida da malaman makaranta da mawaƙa da yawa ba su tsira ba. Ɗaya ɓangaren ma ba na wanke shi. Gwamnatin da ta soke zaɓe ta ji daɗin samun fuskar da za ta nuna wa Turai. Kowa ya ga abin da yake so a jikinta, kaɗan ne suka tsaya duba agogo.

Agogon kuwa ya ci gaba da shaida. Ta samu tagulla a gasar duniya ta 1993 a Jamus, ta sake cin zinariya a ta 1995 a Suwidin, inda Kelly Holmes ta Ingila ta biyo bayanta. A Atlanta 1996 ta ji ciwo a idon sawu a zagayen kusa da ƙarshe, ba ta kai tseren ƙarshe ba. Bayan kakar 1997 ta aje takalmi, daga baya ta zauna a kwamitin ƴan wasa na hukumar Olamfik ta duniya.

A Sidni, shekarar 2000, wadda ta ci zinariyar mita 1500 ta mata ƴar Aljeriya ce, Nouria Mérah-Benida.